Wai masara na kiran zanzaro idan tsutsa ta kama ta?

Auta: Assalamu alaikum iyayena. Maganar da aka yi mini dariya a kanta jiya a majalisa, ina nan kan bakana. Idan tsutsa ta fara cin ganyen masara, masarar na fitar da wani ƙamshi na daban. Wasu ƙananan dangin zanzaro ne ke bin sa, su saka ƙwai a jikin tsutsar, ɗan ya ƙyanƙyashe a ciki ya cinye ta.

Alhaji Mai Feshi: Wa alaikumus salam. Auta, boko ya fara yi maka yawa. Duk ganyen da ka murje sai ya yi wari, ko na tafasa ne. Mene ne abin mamaki a nan?

Auta: Ranka ya daɗe, abin da aka fara gwadawa ke nan. A 1990 wani masanin ƙwari, Ted Turlings, da abokan aikinsa a Amurka sun ji wa ganyen masara ciwo da kansu, zanzaron bai damu da shi sosai ba. Da suka shafa abin da tsutsa ke amayarwa a kan ciwon, bayan 'yan sa'o'i ƙamshin ya tashi, ya nufo wurin. A 1997 aka gano sinadarin da ke bakin tsutsar, aka sa masa suna volicitin. Har ganyen da ba a ciza ba yana fitar da ƙamshin.

Baban Kura: Ni ban ƙaryata yaron nan gaba ɗaya ba. Ku fasa ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a kusurwar zaure, za ku tarar da korayen tsutsotsi a cushe, da ransu amma sun sandare. Daga wani wuri ya kwaso su, kuma ba wanda ya yi masa kwatance. Tambayata ita ce, ina suke a 2016 da tsutsar sharon ta share mana tumatir a Kadawa? Ina suke da sabuwar tsutsar masara ta shigo?

Auta: Baba, duka biyun baƙi ne daga nahiyar Amurka, sun baro maƙiyansu a gida. Haka aka yi da farin ƙwaron da ya addabi rogo, sai da cibiyar binciken noma ta IITA ta kawo ɗan zanzaronsa daga Kudancin Amurka aka sake shi a Najeriya a 1981, sannan abin ya lafa. Na gida kuma da suke ƙoƙarin sabawa da baƙin, feshi na riga kashe su. Tsutsar tana can ƙunshe a tsakiyar masara, su kuwa suna yawo a fili.

Alhaji Mai Feshi: To, an zo wurin. Dama mu ake nufi. Manomin da ya ci bashin taki za ka ce ya naɗe hannu yana jiran ƙwaron da ido ma da ƙyar yake ganinsa?

Malam na Gwale: Ku bari in raba ku. Ƙamshin gaskiya ne, kuma ba shi kaɗai suke bi ba. Akwai masu bin warin kashin tsutsar, akwai masu saka nasu ƙwan cikin ƙwan malam-buɗe-littafin dare, wato uwar tsutsar, waɗanda ke bin warin da uwar ke fitarwa don jawo namiji. Inda na saɓa da Auta shi ne cewa masara kira take yi. Mai tsire a Sabon Gari ba ya zaɓen wanda hayaƙinsa zai kai wa hanci, mai kuɗi ya ji, ɓarawo ma ya ji. An ga wasu zanzaron da su kuma 'ya'yan waɗannan masu taimakon suke ci, kuma ƙamshin shukar ne ke kai su. Wace shuka ce za ta kira mai kashe mata mai gadi?

Auta: Allah ya gafarta Malam, ba a rasa kutse a kowace gayya. Amma a binciken icipe, cibiyar nazarin ƙwari da ke Kenya, an ga wasu tsofaffin irin masara na fara fitar da ƙamshin tun daga lokacin da aka saka musu ƙwai, kafin a ciji ko ganye ɗaya, alhali yawancin sababbin irin kamfani ba sa yi. Babu ciwo, ga ƙamshi. Me za a kira wannan?

Malam na Gwale: Hikimar Ubangiji za a kira shi. Niyya dai ban ba masara ba.

Hajiya Dawanau: Ku kuna ta niyya, ni kasuwa ta dame ni. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu saboda magani. Abokan cinikina na Maraɗi kuma suna ba da labarin ƙaramin buhu da ake ratayewa a ƙauyuka, da gero da tsutsa da 'yan zanzaro a ciki, su hayayyafa su fita su bi tsutsar zangarniyar gero. Me ya hana a yi mana a nan?

Alhaji Mai Feshi: Hajiya, a yi adalci. Wancan maganin a wurin ajiya ake zuba wa wake, ba a gona ba. Masu sito za ki tambaya.

Hajiya Dawanau: A shagon wa suka saya, Alhaji?

Baban Kura: Ya isa. Rani mai zuwa zan bar kunya biyar a ƙarshen gona ba feshi. Auta, me zan duba?

Auta: Ƙananan fararen kwanso manne da ganye kusa da mushen tsutsa, Baba. Amma in maƙwabta na fesawa iska za ta kawo, a zaɓi gefen da ba kowa.

Alhaji Mai Feshi: In kunya biyar ɗin ta lalace, a cire a kuɗin makarantar Auta.