Me za mu kira "metabolizim" da Hausa?

1/ Masu fassara darasin kimiyya sun saba sa "narkar da abinci" a nan. Ba shi ba ne. Narkarwa aikin tumbi da hanji ne, shi kuwa metabolizim cikin kowane tantanin halitta yake gudana, har da yis ɗin burodi wanda ba shi da hanji.

2/ "Ƙona abinci" ta kama rabi. Rabin da ta bari shi ne wanda tantani ke dogara da shi idan zai rabu biyu: sai ya ninka DNA ɗinsa (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado), ya ƙera furotin da kitsen fatarsa, duk daga abin da ya ci. In abinci ya yi ƙaranci, yis yakan tsaya cik, ba ya shiga rabuwa.

3/ A shekarun 1920, Otto Warburg na Jamus ya lura tantanin ciwon daji suna zuƙe sukari, suna mai da shi wani sinadari mai suna laktet ko da akwai oksijin. A ido ɓarna ce: ATP (sinadarin da ke ɗauke da ƙarfi a tantani) 2 daga ƙwayar sukarin gulukos ɗaya, alhali ƙonawa da oksijin na ba da kusan 30. Bayanin da masana da yawa suka karɓa yau shi ne, tantanin da ke rabuwa ba ƙarfi kaɗai yake nema ba, kayan gini yake nema. Kamar mai rushe tsohuwar katanga ne ya kwaɓa ƙasarta ya yi tubali. Folik asid ɗin da ake ba masu juna biyu wajen awo ma aikinsa ke nan, ƙera DNA. Maganin daji methotrexate kuma hanyar folik asid ɗin yake toshewa.

4/ Rabuwar ita ma tana juya akalar: lokacin tsagewa ƙera furotin yakan ragu, mitokondiriya (sassan tantani masu samar da ƙarfi) su gutsure, kowane ɗa ya sami kasonsa.

5/ Don haka ni "rushe-da-gini" na zaɓa. "Sarrafa abinci" ba laifi, amma kowa ya ji ta injin markaɗe zai tuna. A gwada a jimla: "Rushe-da-ginin tantani ne ke ba shi izinin rabuwa." Malaman bayoloji, ku kai ta aji mu ji ko bakin ɗalibai zai ɗauka.