Alminiyum mai kamar katako: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinto daga bayananku kan yadda ake yin alminiyum mai zanen katako da ingancinsa:

1. An yarda gara ba ta cinsa, damina ba ta kumbura shi.

2. Masu sana'ar sun ce busasshen garin fenti ake fara fesa wa alminiyum ɗin a gasa, sannan a naɗe da leda mai zanen katako, a zuƙe iska, a mayar tanda a zafin kusan digiri 200, zanen ya shige cikin fentin. Shi ya sa ba ya ɓarewa kamar sitika.

3. Wanki: ruwan sabulu da tsumma mai laushi. Soson ƙarfe yana karce shi.

4. Kan koɗewa aka rabu. Wasu sun ce zafin ranarmu yana dusashe shi, wasu sun ce laifin fenti mai arha ne. Ni ina tare da na biyun: ku nemi fentin da aka yi don waje kafin ku biya.