Yaya zan sa kowane yaro a shagona ya san nasa aikin kafin Sallah?

Telan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinkin maza, mu shida ne har da ni. Tun kafin a kama azumi na tara yaran na ce musu burinmu ɗaya ne, kada kayan kowa ya kwana a shagon nan ranar jajibere. Duk suka ce to, Maigida. Yanzu azumi ya kusa rabi, kekuna na ta kuka dare da rana, amma kayan da aka gama tsaf ba su taka kara sun karya ba. Ga kaftani an haɗa babu aljihu, ga wando babu zariya, wata shadda tun makon jiya take jiran aikin wuya. In na ce wa ke da wannan, sai su kalli juna. Wallahi ba ragwaye ba ne. Ta yaya zan sa kowa ya gane abin da ke wuyansa?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka faɗa musu, amin kawai za su ce, domin bai gaya wa yaro abin da zai taɓa ba in ya shigo da safe.

Ka yi haka gobe bayan Asuba, kafin a tada janareta. Ɗauko kaftani ɗaya gamamme ka shimfiɗa a tebur, ku ƙirga hannun da ya bi: awo, yanka, haɗi, aikin wuya, ramin maɓalli, guga, sannan ninkewa a leda da sunan mai shi. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya: wanne ka fi iyawa, nawa za ka fitar a wuni, kuma wa kake miƙa wa in ka gama? Ka yi shiru su amsa da bakinsu. In kai ka raba, gobe za ka ji "ai Maigida ne ya ɗora mini". In yaro ya ce a gaban 'yan'uwansa zai haɗa huɗu, kunya ma ta ishe shi. Wanda ya cika baki ya ce takwas, kada ka yi masa dariya, ka ce ya fara da biyar mu gani.

Tambayar miƙawar nan ita ce uwa. Mai haɗi bai gama ba sai mai guga ya karɓa ya ce babu gyara. Ku rubuta a kwali ku manna a bango.

Ƙaramin cikinsu kuma, kada ka bar shi da "taimakawa". Ba shi nasa: zare, maɓalli, man janareta, da kai kaya wurin mai aikin wuya da karɓowa. Ka nuna masa cewa ko shaddar Getzner ce, in babu maɓalli ba ta zuwa filin idi. Za ka ga yadda zai riƙe abin.

Mai Ɗinkin Mata:
Baba ya yi gaskiya, amma akwai maganar kuɗi. Malam, yaya kake biyansu? In a kan kowane haɗi kake biya, to ka samu amsarka, babu wanda zai tsaya kan aljihu ko guga alhali ga sabon yanka yana jira. Ni raba kuɗin ɗinki na yi, kowane mataki da kasonsa, kuma ba ya fita sai kaya ya shiga leda.

Ka tuna goman ƙarshe na tafe, masu zuwa tahajjud ba za su yi maka aikin dare kamar yanzu ba. Tambaye su tun yau.

Sannan wa ke yanka?

Telan Fagge:
Na gode Baba, na gode Hajiya. A kan haɗi nake biya, gaskiya. Yanka kuwa ni kaɗai ne. Shaddar mutane mai tsada ba na iya miƙa wa yaro almakashi a kanta, in ya ɓata ni zan biya.

Mai Ɗinkin Mata:
To ka sa sunanka a kwalin nan kai ma, da adadin da za ka yanka a wuni. Kai ne mai awo, kai ne mai sallamar kwastoma, kai ne mai gudu Kantin Kwari in yadi bai kai ba, su kuwa biyar suna jiran almakashi ɗaya. Riƙe shadda, babu laifi. Amma yadi da kayan yara, ba babban yaronka ya yanka kana duba na farkon. Kuma ku haɗa abin da kowa ya ce zai iya, ku auna da kwanakin da suka rage. In lissafin bai kai ba, daga gobe duk wanda ya kawo sabon yadi a ba shi haƙuri sai bayan Sallah.