Me ya sa jiri ke ɗibar mutane a cikin gidan da na zana a VR, fasahar gilashin da ke sa mutum ya ji kamar yana cikin hoton?

Ɗalibin zanen gine-gine:
Assalamu alaikum. Na zana gida mai ɗakuna huɗu, na ɗora shi a kan gilashin VR mai suna Quest 2 ta hanyar Unity, manhajar ƙirƙirar wasannin kwamfuta, domin mai gidan ya zagaya cikinsa tun kafin a haƙa harsashi. Ana tafiya ne idan an tura 'yar sandar na'urar hannu da ke ƙarƙashin babban yatsa. Kawuna bai cika minti uku a ciki ba ya tuɓe gilashin, ya dafa bango, ya ce zuciyarsa na tashi, alhali ni ba na jin komai. Ina na kuskure?

Injiniyar manhaja:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai jikinka ya riga ya saba. Idon Kawu yana shaida masa cewa tafiya yake yi, sashen cikin kunnensa mai kula da daidaiton jiki kuwa yana cewa a tsaye yake cak, kuma wannan saɓanin ne ke jawo jiri. Shawarata ita ce ka koma tsarin tsallake: mutum ya nuna inda yake so a ƙasa, allon ya yi duhu na ƙiftawar ido, sai ya tsinci kansa a can. Juyawa ma ka mayar da ita mataki-mataki, digiri 30 ko 45 a kowane dannawa. Ka kuma tabbatar adadin hotunan da gilashin ke nunawa ba ya sauka ƙasa da 72 a daƙiƙa.

Malamin zane:
Injiniya ta faɗi gaskiya, sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Wanda ya tsallake daga zaure zuwa falo ba zai taɓa jin tsawon tsakar gidan a jikinsa ba, kuma abin da ya zo dubawa ke nan. Ka bar hanyoyin biyu ya zaɓa, amma a ta tura 'yar sandar ka riƙe gudu ɗaya marar sauri, ba ƙari ba ragi, sannan ka duhunta gefen gani muddin ana motsi. Kada kuma ka sa kyamarar, wato idonsa a cikin hoton, ta juya ba tare da shi ya juya ta ba.

Ɗalibin zanen gine-gine:
Na gode, Malam. Lallai na sa kyamarar tana karkata da kanta a kan matakala. Yau zan cire hakan.

Malamin zane:
Kafin Kawu ya sake sawa, ka daidaita masa tazarar da ke tsakanin ruwan tabaran biyu da ta idanunsa, domin Quest 2 matakai uku gare shi, milimita 58, 63 da 68. Kuma ya fara a zaune.