Me za mu kira wannan ciwo na waya da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Ina koyarwa a wata sakandare a nan cikin birnin Kano, kuma ranar Asabar zan tsaya gaban iyaye in yi bayanin abin da Turawa ke kira "internet addiction". Ba na son in faɗe shi da Turanci, rabin iyayen ba za su ji shi a jikinsu ba.

Abin da nake nufi shi ne irin halin wani ɗalibina ɗan aji biyar. Da shi ke zuwa na uku a lissafi. Yanzu darasin farko bai kai rabi ba ya kifa kai a benci, ido jawur, saboda garaɓasar data ta dare ba ta barinsa ya runtsa sai gab da asuba. Mahaifinsa ya ƙwace wayar, kwana huɗu ya tara kuɗin tara ya sayo tsohuwa a kasuwar waya ta Farm Centre. Da na tsare shi ya ce, "Wallahi Malam ina son in daina, hannuna ne ba ya bari."

Wani ya ba ni "sabo da intanet". Ta yi sanyi. Ana sabo da shayin safe, ba wanda ya faɗi WAEC saboda shi.

Wata malama ta ce "maitar waya", tunda muna cewa mayen ƙwallo. Tana da daɗin faɗi, amma a bakin matasa "maye" ya zama kirari, yaro zai ji kamar yabonsa ake yi.

Ni "jarabar waya" ta fi kwanta mini. Jaraba ita ce abin da ka san yana cutar da kai amma ka kasa saki, kamar jarabar taba. Kuma ita da jarrabawa tushensu ɗaya a Larabci, ga shi kuwa ɗaya tana cinye ɗaya. Na san wasu za su ce kalmar tana karkata wajen sha'awa, to amma idan aka jingina ta da waya ma'anar ta fita. Na zaɓi "waya" a kan "intanet" don ita uwa ke gani a hannun ɗanta.

Lamarin ba ƙarami ba ne: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasannin kwamfuta da na waya cikin kundin cututtukanta.

Malaman Hausa na Jami'ar Bayero, in kuna da wadda ta fi, ku turo mini kafin Juma'a, lokacin zan buga takardar da za a raba wa iyaye.