Iksorata ta ƙi fure, ganyenta kuma ya koma ruwan ɗorawa

Mai tambaya, daga Kaduna: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ina neman shawara. Da daminar bara na sayi iksora biyu wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, irin mai jan furen nan dunƙule-dunƙule da yara ke tsotsar zaƙinsa. Mai sayarwar ya ce tana jure inuwa, sai na dasa su a tukwanen siminti a gindin mangwaron tsakar gidanmu. Tunda furen da suka zo da shi ya kaɗe ban sake ganin ko ɗaya ba. Yanzu sabon ganye ruwan ɗorawa yake fitowa, jijiyoyinsa kaɗai ne kore. Ban fasa ba su ruwa, ina zuba musu tokar murhu, duk wata kuma ina yi musu aski da almakashi. Abin yana damuna, domin irin furen da mahaifiyata ke so ke nan, Allah ya jiƙanta.

Wani mai lambu, daga Zariya: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta mata. Hajiya, tokar nan ita ce babban ciwon. Iksora asalinta daga kudancin Indiya da Sri Lanka take, danginsu ɗaya da itacen kofi, kuma ƙasa mai ɗan tsami take so, wajen 5 zuwa 6 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Toka kuwa 'yar'uwar kanwa ce, kashe tsamin ƙasa take yi. Sabuwar tukunyar siminti ma tana ƙara hakan. In tsamin ya tafi, ko da akwai sinadarin ƙarfe a ƙasar, saiwa ba ta iya zuƙarsa, shi ne ganyen toho ke fara koɗewa ya bar jijiya kore. Ki daina tokar yau-yau. Ki juye su a tukunyar ƙasa ko ta roba mai huji a gindi, ki haɗa ruɓaɓɓen ganye da tsohon takin shanu da ɗan yashi. In kin samu ruwan sama ki tara musu, kada kuma ruwan wanki ya taɓa su.

Wata uwa, daga Jos: Amin ya Allah. Ni askin nan ne ya tsaya min a rai, ƙanwata. A kan tsinin sabon reshe iksora ke ɗaura fure, ke kuma duk wata kina datse shi, to ta ina zai fito? Ki ajiye almakashin sai ta gama fure, sannan ki rage. Batun inuwa kuma, mai sayarwar bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya gaya miki. Za ta rayu a inuwa, sai dai ba za ta yi fure sosai ba. Inuwar mangwaro ta yi duhu da yawa, ki fito da su sarari.

Wata 'yar'uwa, daga Kano: Anti, sararin Jos daban, namu daban. Tawa da na bar ta a rana tsakar watan Afrilu, gefen ganyen duk ya ƙone. Hajiya mai tambaya, ki nema musu jikin bangon da ke kallon gabas, su sha hantsi, kafin azahar inuwa ta rufe su. Da hunturu ki riƙa wanke musu ƙura da yayyafin ruwa. Ki kuma leƙa bayan ganye, in kin ga farin abu kamar auduga da tururuwa na hawa da sauka, ƙwari ne masu tsotsar ruwan jikinta. Ni da ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu nake fesa su da yamma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, babu ƙwarin. Malam, ganyen da ya riga ya koɗe fa, in tsinke shi?

Mai lambu: Bar shi, Hajiya, yana ɗan ciyar da ita har yanzu. Tohon da zai fito bayan kin sauya ƙasa shi za ki sa wa ido. In ya fito kore shar, saiwar ta kama. Juyen kuma ki yi shi da la'asar, ki ɗago ta da dunƙulen ƙasarta, ki kakkaɓe ta sama mai tokar kawai.