Kakanmu ya je Makka a ƙasa, ta ina zan fara ɗaukar tarihinsa?

Autan Hajiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kakanmu ya haura tamanin da biyar, kuma yana cikin waɗanda suka je aikin hajji a ƙasa tun yana saurayi. Ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga kafin ya haye Jidda. Kwana biyun nan mantuwa ta fara kama shi. Ina so in ɗauki labarinsa, amma waya kawai gare ni. A taimaka da shawara.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Wayar ta wadatar, kada ka zauna jiran na'ura. Ka kashe layi don kada kira ya yanke maka ɗauka, ka ajiye ta kan matashi kusa da shi, a kashe fanka da janareto. Da farko ka faɗi ranar da gurin da sunanka, shi ma ya faɗi sunansa da bakinsa, ya ce ya yarda a ɗauka. Kada zama ɗaya ya wuce awa guda, tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba.

Amma babban abu shi ne tambaya. Kada ka ce "Baba, a wace shekara kuka tashi?" Zai ba ka lamba don ya sallame ka, ita kuma lambar ta rikita maka lissafi. Ka ɗaure tambayar a jikin abin da kowa ya sani. Sarki Abdullahi Bayero yana raye lokacin? Ya rasu a 1953. Sarauniyar Ingila ta zo ko ba ta zo ba? Wannan 1956 ne. Da kuka dawo an sami 'yancin kai? Da fam da sule kuka yi guzuri? Naira sai 1973 ta shigo. Da haka za ka tsuke shekarar da kanka.

Ɗan Zongo: Allah ya saka, Malam. In ƙara da cewa a bar shi ya bi hanyar zango-zango da bakinsa: Maiduguri, Forlami wadda yanzu ake kira Njamena, Abashe, Jinaina, Fashir, har Sawakin ko Port Sudan inda ake hawa jirgin ruwa. A kowane zango ka tambayi wa ya saukar da su, me suka ci, wa ya rasu a hanya, wa ya ƙi dawowa. Ka kuma tambaye shi ko ya biya Mai Wurno a bakin Nilu, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu nan Kumasi haka muka yi da dattawan fataucin goro, sunayen masu masauki ne suka buɗe mana labarai.

Maman Walida: Duk kun manta da mata, kamar kullum. Autan Hajiya, kakarku tana raye? Ko wata gwaggo da ta san zamanin? Abin da ya faru a gida shekarun da yake tafiya, wa ya ciyar da iyali, yadda aka sami labarin yana raye, duk a bakinsu yake. Sai dai kada kai ka je, ka tura ƙanwarka ko matarka. Tsohuwa ba za ta yi maka zancen aure da kishiya da goyon ciki ba, kuma ko sunan ɗan farinta ba za ta kama ba don alkunya. Ku tuna littafin Baba ta Karo, tarihin rayuwar wata tsohuwa Bahaushiya mai suna Baba, da ya fito a 1954. Mace ce, Mary Smith, ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 zuwa 1950, shi ya sa aka ji abin da aka ji. Baba ta rasu a 1951, ba ta ma ga littafin ba.

Autan Hajiya: Gaskiya ne Mama, akwai ƙanwarsa a Gwarzo. Zan tura Yayarmu. To bidiyo fa, ba zai fi ba?

Injiniya Sabo: Ni dai murya nake ba da shawara. Da an ɗaga kyamara sai tsoho ya gyara rawani ya koma jawabi. Ka ɗauki bidiyo na minti biyar don a ga fuskarsa, sauran duk murya. In manhajar ɗaukar muryar tana da zaɓin ajiye sauti a tsarin WAV ka zaɓa, ya fi MP3 nauyi amma ba ya zubar da komai. Kuma don Allah kada ka riƙa ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, matse sauti yake yi, kuma ran da waya ta faɗa ruwa shi ke nan. Kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a wani gidan daban, ɗaya a Google Drive. Sunan fayil ya ɗauki ranar da sunan mai magana.

Takardunsa kuma, fasfo, wasiƙun ajami, hotuna, ka ɗauki hotonsu a inuwa gaba da baya. Kada ka kai a manne su da leda mai zafi, ba ta ɓaruwa kuma tana cinye takarda. A ɗaga adaka daga ƙasa saboda gara da danshin damina.

Malamin Tarihi: In ka gama, kada abin ya tsaya a gidanku. Arewa House da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello ce ta adana tarihi tun 1970. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai ta Waziri Junaidu. Sannan ka leƙa Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, inda fayilolin zamanin En'e da na Turawa suke. Sau da yawa abin da tsoho ya faɗa da baki sai ka ga inuwarsa a rahoton wani Di'o.

Baffan Yara: Malam, a nan zan saɓa maka kaɗan. Tsoho in ya saki jiki yakan faɗi abin da zai raba zumunci: gonar gado, wanda asalinsa bawa ne a gidan, auren da aka kashe da dalilinsa. Ka kai wannan inda kowa zai saurara? Ni ban yarda ba.

Malamin Tarihi: Baffa, ka yi gaskiya, amma maganinsa ba gogewa ba ne. A bar asalin ɗaukar yadda yake a hannun iyali, a fitar da kwafin da aka cire waɗannan gurare. Ko a rubuta sharaɗi da masu ajiyar cewa ba za a buɗe wani sashe ba sai bayan shekaru kaza. Shi tsohon ne ke da ta cewa tun yana raye, a tambaye shi.

Baffan Yara: To, in da takarda a rubuce, da sa hannun manyan gida, na yarda.

'Yar Damagaram: Daga Nijar nake biye da ku. A Yamai muna da CELHTO, cibiyar da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, yanzu tana ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Akwai kuma cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni mai ajiyar rubuce-rubucen hannu. Shawarata ita ce a rubuta maganar yadda ya faɗe ta. In ya ce "hwara" kada a gyara masa zuwa "fara", in ya jefa Larabcin Sudan a bar shi. Kuma a yi rubutun da wuri, don kalmar da ta shige maka duhu ka koma ka tambaye shi.

Ɗan Zongo: Injiniya, mu muna da kaset-kaset na wani kawunmu tun shekarun 1980, wasu sun yi fumfuna. A saka su a rediyo a gwada?

Injiniya Sabo: A'a, kada ka saka mai fumfuna, zai tsinke ya kuma ɓata kan rediyon. Ware su daban a busasshen guri. Masu kyaun ka juya su da biro a hankali ka ga ko suna tafiya, sannan a haɗa rediyon da kwamfuta a ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Turo min hoton masu fumfunar in gani tukuna.